Tudun Guwasa: Inda Ciyawar Jinka Ta Tsare Kyarkecin Habasha

Daga Adis Ababa zuwa tudun Guwasa tafiyar kilomita 260 ce ko da ɗoriya kaɗan, amma kusan yini guda take ci. Mun fita da asuba muka bi titin arewa maso gabas, muka wuce Debre Birhan a wajen kilomita 130, muka miƙe har Tarmaber, inda titin Dese ke kutsawa cikin ramin da Italiyawa suka haƙa a dutse a shekarun 1930. Kafin bakin ramin ake karya kwana hagu a bar kwalta. Lokacin tafiyarmu sauran kilomita 80 ɗin tsakuwa ce da hawa da lanƙwasa, ba ta son ƙaramar mota, da damina kuwa sai mai jan ƙafa huɗu. Tafiyar tamu ta riga rikicin da ya ɓarke a jihar Amhara a 2023, don haka duk mai niyyar zuwa yanzu ya fara binciken lafiyar hanya tukuna.

Guwasa tudu ne a ƙasar Menz, cikin Shewa ta Arewa, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 100, tsawonsa daga mita 3,200 zuwa 3,700 bisa teku. A irin wannan tsawo iskar da mutum ke shaƙa ba ta wuce kashi biyu cikin uku na wadda ya saba da ita a bakin teku ba. Taku ashirin na hawa sai ka ji zuciya na dukan ƙirji. Maganin abin shi ne tafiya a hankali, yawan shan ruwa, da barin doguwar zirga-zirga sai rana ta biyu. Ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 90 ba, shi ya sa girki ke jinkirin nuna. Da rani rana tana ƙuna da tsaka, dare kuma raɓa ta daskare a kan ciyawa, da safe ka taka ka ji tana ƙaras-ƙaras. Riga uku a jere da hular sanyi da safar hannu sun fi bargo ɗaya mai kauri amfani, domin cikin awa guda za ka tuɓe ka sake sawa.

Abin da ya fara kama idona shi ne iyaka. Motar tana ratsa gonakin sha'ir da wake, an nome kowane lungu har gefen kwazazzabo, an tare ƙasa da jerin duwatsu, ba ka ganin ko taƙi ɗaya da aka bari. Kwatsam sai gona ta ƙare, ciyawa ta fara, kamar an ja layi da igiya. Babu waya, babu katanga. Daga nan har inda ido ya gaji ciyawa ce gindi-gindi, ruwan ƙasa-ƙasa, tana kaɗawa, can da can kuma wata shuka mai suna jibra ta miƙe sama da tsawon mutum da tulin ganye a ka. A gabas tudun ya yanke tsaf, ka leƙa ka hango ƙasar Afar can ƙasa cikin hazo. A ƙasar da manomi ke rigima kan kunya ɗaya, barin fili irin wannan ba a nome ba abu ne da ke neman bayani.

Bayanin yana jikin ciyawar. Ita ce ake kira guwasa, kuma daga gare ta tudun ya sami suna. Siririya ce, mai tauri, ganyenta kamar tsinke. Da ita ake baibaye ɗaki. Da ita ake tufka igiya, a saƙa tabarma da kwando, a cusa katifa, a shimfiɗa a ƙasa ranar biki, a yanyanka a kwaɓa da laka don yaɓe kada bango ya tsage. Idan fari ya zo ita ce abincin dabba na ƙarshe. Mai dami biyu a rumbu yana da abin sayarwa a kasuwar Mehal Meda ranar da kuɗi suka yanke. Mutanen Menz suna kiranta tufarsu da abincinsu, kuma bayan na kwana biyu a wurin ban ga ƙari a maganar ba.

Tsarin da ya tsare ta sunansa Ƙero. Harafin farko a bakin Amhara daidai yake da namu na "ƙasa" da "ƙarfe", shi ya sa na rubuta shi haka. Tarihin baka ya mayar da shi shekara 400 baya, zuwa ga kakanni biyu, Asbo da Gera, waɗanda suka raba ƙasar noma tsakaninsu suka ware tudun ya zama na kowa cikin zuriyarsu. A zamanin da kowane ɓangare yana zaɓen shugaba, Abba Ƙera, a ƙarƙashinsa kuma akwai wakilai bisa yankunan coci-coci. Aikinsu ɗaya: rufewa da buɗewa. Ana rufe tudun shekara uku zuwa biyar, ba yanka, ba kiwo. In shugabanni suka duba suka ga ciyawa ta ƙosa, sai a yi shela a coci da kasuwa da wurin makoki cewa rana kaza za a buɗe, yawanci a tsakiyar rani wajen Fabrairu. Ranar rufewa kuwa ba ta motsi: 12 ga Yuli, ranar da Kiristocin Otodoks na Habasha ke kammala azumin Manzanni. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai. An ɗaura doka a jikin ranar da ko yaro ya sani, babu mai cewa sanarwa ba ta iso shi ba. Ga shi kuma ta faɗo daidai lokacin da babbar damina ke kankama, wato lokacin da ciyawa ke toho kuma ƙasa ta fi laushi.

Hukuncin zamanin da babu sassauci. Saniyar da aka kama tana kiwo lokacin rufewa yanka ta ake yi, a ba coci fatar ta yi ganga. Ɗakin da aka baibaye da ciyawar sata ana iya cinna masa wuta. Ana kuma ba da labarin tarar da aka rataya wa mai noma a tudun: manyan buhuna 100 na irin kabeji, ɗanyar fatar zaki, taɓaryar azurfa, da turmin da aka sassaƙa daga wani ɗan tsiro da ba ya taɓa yin kututture. Tara ce da aka tsara don kada a iya biya, ma'anarta a fili take: kada ma ka soma.

A 1975 gwamnatin soja ta Derg ta mayar da duk ƙasar karkara ta hukuma. Gadon Asbo da Gera ya faɗi, Ƙero ya faɗi tare da shi. Aka miƙa tudun ga ƙungiyoyin manoma, ƙebele tara, wato ƙananan gundumomin ƙauye, da ke kewaye da shi. Ta wata fuska an yi adalci, domin waɗanda da ba su da haƙƙi sun samu. Amma masu amfani sun ninka, mai tsawatarwa ya ɓace, sai kowa ya shiga rige-rigen yanka kafin maƙwabci ya riga shi. Ƙasa ta sha wannan wahala har bayan faɗuwar Derg a 1991. Farfaɗowar ta zo ne a farkon shekarun 2000, lokacin da ƙebele taran suka kafa majalisar kula da Guwasa, suka rubuta dokokinsu bisa tsohon tsari na rufewa da buɗewa, suka zaɓi 'yan sintiri daga cikinsu. Wani masanin Habasha, Zelealem Tefera Ashenafi, wanda ya yi bincikensa a nan, ya taka rawa wajen tono tarihin Ƙero da dawo da shi, ƙungiyar kula da namun daji ta Frankfurt kuma ta tallafa. Daga baya jihar Amhara ta amince da wurin a hukumance a matsayin gandun al'umma. Yanzu tara da kotu ne suka maye gurbin wuta da wuƙa.

Na tambayi ɗan sintirin da ya raka mu dalilin shekara uku, sai ya durƙusa ya buɗe gindin ciyawa ɗaya da hannu. A waje busassun ganye ne, a tsakiya kuma 'yan koraye sirara suna ɓoye. Busassun su ne bargon da ke kare tohon daga sanyin dare. A wannan tsawo ciyawa ba ta girma sai cikin 'yan watannin ruwa, sauran shekara tana nan a tsaye. Shekara ɗaya bayan yanka ba ta wuce ƙwauri ba, ta ishi tunkiya amma ba ta isa jinka ba. Sai ta shekara uku ko fiye take kai tsakanin gwiwa da ƙugu, ta yi ƙwari, ta zubar da iri. Wanda ya buɗe da wuri ya yi asara biyu: ya yanki gajeriyar da ba ta baibaya, ya kuma hana ƙasa iri.

Yankan ma yana da ƙa'ida. Da lauje ake yi, a kama da hannun hagu a yanka a bar tushe kamar faɗin tafin hannu. Mai gaggawa ko mai dakushasshen lauje yakan fizga, sai gindin ya tumɓuko da saiwa. Wurin da aka tumɓuke ba ya komawa ciyawa da sauƙi: sanyin dare yana ɗaga ƙasar da ta tsiraita, rana ta busar, iska ta kwashe, ruwan farko ya tsaga ta ya fara zaizaya. Ɓarawon dare shi ya fi wannan ɓarna, domin a duhu yake yi kuma yana waiwaye. Kiwo ya fi yanka wuyar sha'ani. Yanka yana da iyaka, tunda mutum ba ya ɗaukar fiye da abin da bayansa ko jakinsa zai iya. Garke kuwa yana komawa kan toho ɗaya kullum har ya kashe shi, kofato kuma yana danne ƙasar dausayi. Ƙasar nan baƙa ce, mai laushi kamar soso, ita ke shanye ruwan damina tana sakinsa kaɗan-kaɗan har rani. Koguna 26 ne ke tasowa daga wannan tudu, wasu su gangara yamma zuwa Abbai, wato Shuɗin Nilu, wasu gabas zuwa Awash. In soson ya danne, ruwa sai ya bi ta kai ya wuce a rana ɗaya, idon ruwan ƙauyen da ke ƙasa kuma ya ƙafe tun Janairu.

A wani ƙauye a gefen tudun na tsaya kallon baibaya. Gidajen Menz na dutse ne, zagayayyu, da yawansu bene: dabbobi a ƙasa, mutane a sama, ɗumin dabba yana hawa ya rage sanyin dare. An ɗora tsaiko mai tsini sosai, gangarensa bai gaza digiri 45 ba, domin rufin da ya kwanta yana riƙe ruwa ya ruɓe. Mutum biyu a ƙasa suna karkaɗe ciyawa suna cire gajeru, su daidaita gindinta a kan dutse, su ɗaure ƙananan damma su cilla sama. Mai baibaya ya fara daga baki, ya jera layi ɗaya ya zagaye, ya danne da siririn itace, ya ɗaure a jikin tanka da igiyar da aka tufka daga ita guwasar. Layi na biyu ya rufe fiye da rabin na farko, ta yadda ba a ganin ɗauri ko ɗaya daga waje. Duk ɗaurin da ya fito fili nan ruwa zai shiga. Yana yi yana bubbuga bakin da ɗan katako har ya daidaita. Kaurin ya kai taƙi guda da ɗori. Kuskure biyu suka nuna mini a wani tsohon rufi: an sa ciyawar da ba ta gama bushewa ba, ta yi fumfuna daga ciki, an kuma yi sakaci da ƙoƙuwa, inda duk layukan ke haɗuwa, ruwa ya bi ginshiƙi ya sauka. Hayaƙin murhu da ke ratsa jinka yana korar ƙwari, shi ya sa ɗakin da ake girki a ciki yakan fi daɗewa.

Kwano yana shigowa, babu musu, musamman kusa da hanya. Wasu na ganin hakan sauƙi ne ga tudun. Ni ina da shakka. Mutumin da rufinsa ke jiran ciyawa shi ne zai tashi cikin sanyin asuba ya yi sintiri. Ranar da ya daina buƙatarta, tudun zai koma masa filin kiwo kawai ko gonar da aka hana shi.

Rana ta biyu muka fita tun raɓa ba ta narke ba. Birai masu suna gelada suna kwana a jikin gaɓar dutse inda da wuya damisa ta kai musu, rana na fitowa su hauro. Mun zauna a kan dutse suka zo suka kewaye mu, sun fi ɗari, mazan da gashi har kafaɗa kamar alkyabba da jan tabo a ƙirji. A duniya su kaɗai ne birai masu rayuwa kan ciyawa. A zaune suke kiwo, suna jan gindi, yatsu biyu suna tsinke ganye da sauri har tafi ya cika sannan a kai baki. Kana jin ƙarar tsinkar kamar yayyafi a kan busasshen ganye.

Cikinsu kyarkecin ya ratso. Ja ne, mai dogayen ƙafafu da siririn baki, farin wuya, baƙin bakin wutsiya, girmansa bai fi matsakaicin kare ba. Amhara suna ce masa ƙai ƙabaro, wato jan dila. Tafiya yake a hankali, kai a ƙasa, kunne a miƙe, ya ratsa tsakanin uwaye da 'ya'ya babu wanda ya ɗaga kai. Ya tsaya cak, ya karkata kai, ya daka tsalle ya sauka da ƙafafun gaba, ya ɗago da ɓera. Wani bincike da aka yi a nan Guwasa aka buga a 2015 ya nuna cewa a tsakiyar birai kyarkeci yana cin nasara a kashi 67 cikin 100 na farautarsa, in shi kaɗai ne kuwa kashi 25. Biran nan kuma da sun hango karen gida sai su watse zuwa bakin dutse. Sun san bambanci.

Duk duniya kyarkecin Habasha bai wuce 500 ba, fiye da rabi a tsaunukan Bale can kudu, sauran a warwatse kan 'yan tuddai irin wannan. Kusan ɓera kaɗai yake ci, ɓerayen kuma ciyawar tudu suke so. Garma ta shiga, ɓeran ya tafi, kyarkeci ya bi shi. Asbo da Gera ba don kyarkeci suka ware tudun ba, don jinka suka yi, amma dokar da ta hana garma ita ta bar masa gida shekara 400. Binciken da aka yi a wurin ya kuma nuna cewa yanka da kiwo bisa ƙa'ida ba su rage yawan ɓerayen da yake ci ba. Wannan ya sa nake ganin korar mutane daga irin wannan wuri da sunan kare dabba kuskure ne babba.

Abin da ya fi yi masa barazana yana zuwa ne a bayan makiyayi. Karen gida yana ɗauke da ciwon hauka da wata cuta mai kama huhu da jijiya da ake kira distamfa. Kyarkeci yana farauta shi kaɗai, amma safe da yamma dangi suna haɗuwa suna lasar juna, don haka in ɗaya ya kamu an gama. A Bale ciwon hauka ya yi ɓarna a 1991 da 2003 da 2008, wani lokaci ya kashe fiye da rabin kyarketan yankin da ya shiga. A can akwai sauran da za su cike gurbi. A Guwasa kuwa 'yan dangi ne ƙalilan, uwa ɗaya tak ke haihuwa a kowane dangi, sau ɗaya a shekara, 'ya'ya biyu zuwa shida. Mafita ita ce rigakafin karnukan ƙauyukan kewaye, kuma tana da sharuɗɗa. Sai an yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 kafin cutar ta daina yawo. Sai an maimaita kowace shekara, domin karen ƙauye ba ya tsawon rai, cikin shekara biyu rabin karnukan sababbi ne. Maganin yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kuma a nan haɗarin ba zafi ba ne: kwalbar da ta kwana a waje ta daskare ta lalace, a yi allura a banza. Dole a shafa wa kowane karen da aka yi wa fenti ko a ɗaura masa alama, in ba haka ba lissafin kashi 70 zai zama zato. Mafi wuya shi ne kamun, domin karen gadi bai saba da hannu ba. Yaran da ke kiwo da su ne kawai ke iya riƙe su, don haka ranar da aka sa wa aikin sai ta dace da lokacin da yaran ke gida.

Babbar jarrabawar dokar kuwa fari ne. Manomin Menz yana da ruwa biyu: ƙaramin na belg daga Fabrairu zuwa Afrilu, da babban na kiremt daga Yuni zuwa Satumba. Gonarsa ƙarama ce, sanyi kuma yakan ƙone amfanin tun bai nuna ba. Asusunsa tumaki ne, 'yan ƙanana masu kitsen wutsiya da gashi mai kaushi, wanda ake sausayewa a kaɗa a saƙa bargo da darduma. Su ma suna da nasu ciwon, tsutsar hanta da suke ɗauka a dausayi, wadda sai an ba su magani a kan kari. Idan belg ya ƙi, harawa ta ƙare, tumaki suka fara faɗuwa, mutum yana tsaye yana kallon ciyawa har gwiwa a tudun da aka rufe. A nan ne majalisa ke shan matsi. Ta ƙi buɗewa, mutane su shiga da dare doka ta zube. Ta buɗe ba ranar rufewa, aikin shekara uku ya tafi cikin wata biyu. Hanyar da ta fi ita ce a buɗe don kiwo na ɗan lokaci, a faɗi ranar fita tun ranar shiga, ƙebele tara duka su sa hannu. Na ji ƙorafin cewa na nesa suna ganin na kusa sun fi su mora, cewa tarar da ba ta kai kuɗin dami ba ba ta hana sata, kuma ɗan sintiri yana jin nauyin kai ɗan'uwansa gaban kotu. Duk gaskiya ne. Itacen girki ma matsala ce: ana tumɓuke wani ɗan kurmi mai suna cerenfi, saura kuma a ƙona kandilo, wanda gona ce ke da buƙatarsa. Bishiyar turare da ake dasawa a bayan gida tana rage wannan, muddin ba a kai ta bakin idon ruwa ba.

Lokacin da muka je akwai masaukin baƙi na al'umma a wani wuri mai suna Regreg, gini na dutse da jinkar guwasa. Ɗan rakiya da mai alfadari da mai girki duk 'yan ƙauyukan ne, kuɗin shiga kuma na asusun gandun ne. Taimako ne, amma kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Baƙi kaɗan ne ko a shekarar lafiya, kuma da an ji ƙarar bindiga ko annoba su ne na farkon ɗaukewa.

Ranar komawa muka biya ta Mehal Meda, kilomita 17 daga tudun, muka ga barguna na gashin tumaki a jibge a kasuwa. Da muka juyo, a daidai inda sha'ir ke ƙarewa ciyawa ta fara, wani yaro yana kiwon tumaki kamar talatin a gefen gona. Biyu suka tsallaka suka sa baki a ciyawar. Babu ɗan sintiri a kusa, mu ma ba ya ganinmu. Ya ruga ya zagaya ta gabansu, ya kaɗa bulalarsa ta igiyar guwasa, ya maido su cikin garke.